Cunkoso a Tankin Gilashi: Yawan Filin da Kifin Teku Ke Bukata

Kiwon kifin ado na teku, wato ajiye kifayen ruwan gishiri masu kyan launi a cikin tankin gilashi domin kallo ba domin ci ba, harka ce da ta yi ƙarfi a Amurka da ƙasashen Turai da Japan, kuma wannan sharhi zai tsaya ne a kan tambayar da rashin amsa ta daidai yake jawo wa masu kiwon asara mai yawa: kifi nawa tanki ɗaya zai iya ɗauka, kuma wane girman tanki ya dace da wane irin kifi. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin irin waɗannan kifaye tsakanin miliyan 20 zuwa miliyan 24 a kowace shekara, daga nau'o'i 1,471, sannan mutane tsakanin miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ne ke da tankin ruwan gishiri a duniya. Mafi yawan kifayen ba a gona aka ƙyanƙyashe su ba, daga cikin teku aka kamo su, musamman a gaɓar Filifin da Indonesiya, aka ɗaure su a ledoji aka yi jigilarsu ta jirgin sama. Saboda haka duk kifin da ya mutu a tankin da ya yi masa kaɗan, akwai yiwuwar sai an sake shiga teku an kamo wani a madadinsa.

Tushen matsalar yana cikin ruwan kansa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishirin nan yana rage yawan iskar oksijin da ruwan zai iya riƙewa, wato iskar da kowace dabba ke shaƙa domin ta rayu. Idan zafin ruwa ya kai digiri 25, litar ruwan daɗi kan riƙe oksijin da ya ɗan haura miligiram 8, amma litar ruwan teku ba ta kai miligiram 7 ba, ragin da ya kusa kashi 20 cikin 100. Ƙari a kan haka, kifin da ke zaune a cikin duwatsun murjani ya saba da muhallin da kusan ba ya canzawa, domin girman teku ya sa gishirinsa da zafinsa ba sa hawa da sauka cikin gaggawa, ba kamar kifin kududdufi ko na fadama ba, wanda rani da damina suka koya wa jure kowane hali. Mai sauraron da ya san kiwon tarwada a tankin siminti ko na roba, inda ake zuba ɗaruruwa a wuri ɗaya su kuma rayu, zai iya ɗauka cewa kowane kifi haka yake, alhali tarwada tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta wadda ke ba ta damar leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska kai tsaye. Kifin murjani ba shi da wannan gata, abin da ruwan ya ba shi kawai yake da shi, in ya ƙare kuwa ya ƙare.

Abu na biyu shi ne dattin da kifin ke fitarwa. Kusan kowane kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, akasari ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna ƙara yawanta. A cikin teku ruwa ne ke kwashe ta nan take, amma a cikin tanki babu inda za ta je sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa, sun mayar da ita wani sinadarin da ake kira naitirait, shi ma wasu ƙwayoyin su mayar da shi naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta amoniya ba amma yana taruwa har sai an canza ruwa. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin a sabon tanki, kuma ko bayan sun kafu, yawansu daidai yake da yawan dattin da suka saba samu, shi ya sa zuba kifi biyar ko shida a rana ɗaya yake fin ƙarfinsu ko da tankin babba ne. Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne ma'aunin tsamin ruwa, wanda masana ke rubutawa da haruffan pH. Ruwan teku yana tsakanin 8.1 zuwa 8.4 a wannan ma'auni, kuma duk lokacin da ma'aunin ya hau da maki ɗaya, kason amoniyar da ke cikin siffarta mai guba yakan ninka kusan sau 10. Ma'ana, adadin amoniyar da kifin ruwan daɗi zai iya kwana a cikinsa lafiya, shi ne zai ƙone gaɓoɓin numfashin kifin teku.

Saboda mutane suna son lissafi mai sauƙi, an daɗe ana yawo da wata ƙa'ida a littattafan masu kiwo da shagunan sayar da kifi, wadda ke cewa a ware galan ɗaya na ruwa ga kowane inci na tsawon kifin ruwan daɗi, a kuma ware har galan 5, wato kusan lita 19, ga kowane inci na kifin teku. Ƙa'idar tana da amfani ɗaya, ta hana sabon shiga cika tanki maƙil, amma a matsayin ma'auni gurguwa ce, domin tana auna tsawo alhali jiki ne ke cin abinci yana fitar da datti. Kifin da tsawonsa ya ninka sau 2 ba nauyinsa ya ninka sau 2 ba, ya ninka kusan sau 8, tunda yana ƙaruwa ne ta tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya. Kifaye 5 masu santimita 5 kowanne, da kifi ɗaya mai santimita 25, daidai suke a wurin wannan ƙa'ida, amma a kan sikeli babban ya fi ƙananan biyar ɗin gaba ɗaya nauyi kusan sau 25. Gaskiya ne babban kifi ba ya cin abinci daidai da ninkin nauyinsa, amma duk da haka dattinsa da oksijin da yake ja sun fi na ƙananan nesa ba kusa ba.

Babu kifin da ya fi nuna wannan kuskure a fili kamar shuɗin tang, wanda duniya ta sani da sunan Dory bayan fitowar fim ɗin Finding Nemo na kamfanin Pixar a 2003 da kuma Finding Dory a 2016. Kifi ne mai faɗin jiki, shuɗi shar, da zanen baƙi a gefe da wutsiya rawaya, kuma a gindin wutsiyar akwai wata ƙaya mai kaifi kamar aska da yake kare kansa da ita. Yana zaune a tekun Indiya da na Pasifik, a gefen duwatsun murjanin da ke fuskantar igiyar ruwa mai ƙarfi, inda yake wuni yana iyo yana tsintar ƙananan halittun da ruwa ke korowa, in ya tsorata kuma ya kutsa cikin rassan murjani ya maƙale, wani lokaci ma ya kwanta a gefe kamar matacce. A shago ana sayar da shi yana da santimita 4 ko 5, abin sha'awa, yana shawagi a ƙaramin gilashi kamar ba zai taɓa bukatar wani fili ba, alhali idan ya girma yakan kai santimita 25 zuwa 30. Mai sayen da ya kai shi tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 45, wanda a idon mutane da yawa babban tanki ne, zai wayi gari da kifin da tsawon gidansa bai kai tsawon jikinsa sau 5 ba, faɗin gidan kuma bai kai jikinsa sau 2 ba, ta yadda bugun fiffike biyu ko uku ya isa ya kai shi bango. Shi ya sa gogaggun masu kiwo da manyan dillalai suke ba da shawarar kada tankin wannan kifi ya gaza tsawon santimita 180, da ruwa kimanin lita 680, kuma wannan mafi ƙaranci ne, ba wadata ba.

An yi ta zargin finafinan biyu da cewa su ne suka tura yara da iyayensu shaguna neman kifin, amma wani bincike da masana na Jami'ar Oksfod suka wallafa a 2019 bai sami shaidar cewa cinikin shuɗin tang ya ƙaru bayan fim na biyu ba, abin da ya ƙaru shi ne neman bayaninsa a intanet. Idan akwai laifin da za a ɗora wa fim na farko, to a tankin wani likitan haƙori na birnin Sidni da ke cikin fim ɗin yake, inda aka nuna rawayan tang da kifi mai kumbura da wani kifi mai dogon fiffiken baya wanda ko ƙwararru suna shan wahalar ciyar da shi, duk a cikin gilashi ɗaya madaidaici, kamar hakan abu ne da ya dace.

Kifin da aka gina labarin fim na farko a kansa, wato Nemo, mai ruwan lemo da fararen ɗamara uku, shi ne ya nuna cewa tsawon jiki kaɗai ba ya yanke hukunci. Ba ya wuce santimita 11, kuma a cikin teku kusan duk rayuwarsa yana yin ta ne a jikin wata halitta mai laushi mai yatsu masu harbi da ake kira anemoni, ba ya nisa da ita sai ɗan taƙi, don haka mace da namiji za su iya zama lafiya a tanki mai lita 75 zuwa 100. Amma wannan kifin mai ƙanƙantar bukata yana da tsananin kishin wurinsa: a kowane gida mace ɗaya ce babba, namiji ɗaya ke biye da ita, kuma idan aka ƙara wasu 'yan uwansu a tanki ƙarami sau da yawa manyan biyun sukan yi ta korarsu da cizo har su daina cin abinci. A teku wanda aka kora yana da inda zai gudu, a tanki kuwa iyakarsa ya raɓe a kusurwar sama bayan famfon ruwa, fiffike a yage, launi a kode, yana numfashi da sauri. Wannan nau'in cunkoso ba ya bayyana a kowace na'urar gwajin ruwa, domin ruwan zai iya kasancewa tas alhali kifin yana mutuwa saboda fargaba. Masu kiwon da suka daɗe a harkar suna rage shi ta hanyar jera duwatsu yadda za su tare ganin juna, da tanadar wa kowane kifi kogon kwana, da guje wa haɗa kifaye masu kama da juna a siffa da launi da abinci, da kuma sanya mafi zafin rai a ƙarshe bayan masu sanyi sun kama wurarensu.

Siffar tankin ma tana da nata hukunci. Oksijin yana shiga ruwa ne ta saman da ya haɗu da iska, saboda haka tanki mai tsawo da faɗi ya fi dogon tanki siriri mai kama da ginshiƙi ɗaukar kifi, ko da litarsu ɗaya, ga shi kuma yawancin kifaye a kwance suke iyo ba a tsaye ba. Sannan lambar da aka rubuta a jikin kwali ba ita ce ruwan da kifin zai samu ba. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, lissafinsa lita 243 ne, amma bayan an cire kaurin gilashi da tazarar da ake bari a sama da yashi da duwatsu, abin da ya saura yana iya faɗuwa ƙasa da lita 200.

Akwai wata magana da masu neman hujja ke yawan faɗa, cewa kifi yana girma ne daidai da gidan da aka ba shi, don haka babu damuwa. Abin da ke cikinta na gaskiya shi ne kifin da aka matse a gurɓataccen ruwa yakan tsumbure, amma tsumburewa ba dacewa da wuri ba ce, alama ce ta wahala, kuma kifin da ke cikin wahala garkuwar jikinsa takan yi rauni. A nan ne cututtuka ke samun ƙofa, musamman cutar fararen ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Ƙwayar takan ci daga fatar kifi na wasu kwanaki, ta faɗo ƙasa ta ƙunshe kanta a jikin dutse ko yashi, ta rarrabu ta fito da 'ya'ya fiye da ɗari masu neman wani kifin. A teku akasarinsu ba sa samun kowa kafin su mutu, amma a tankin da ke cike da yawa daga cikinsu sukan dace, kuma dangin tang suna cikin waɗanda cutar ta fi kamawa da wuri. Su ne kuma aka fi gani da ciwon da ke zaizaye fatar kai da ta gefen jiki, wanda ake dangantawa da rashin ingancin ruwa da abinci da kuma damuwa. Wannan ya sa ake killace sabon kifi a wani tanki daban na kimanin mako 4 kafin a haɗa shi da sauran.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu son cika tanki ita ce kayan aiki na zamani, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun daga shekarun 1970, lokacin da masu kiwo a Jamus suka inganta tsarin amfani da duwatsu masu rai, wato ɓaraguzan murjani masu ramuka da ke ɗauke da bakteriya masu amfani, tare da na'urar da ke tsame datti ta hanyar kumfa tun kafin ya ruɓe, tanki ɗaya yana iya riƙe kifin da ya fi na da yawa. Ana kuma ƙara wani tankin a ɓoye a ƙarƙashin babban, domin ƙara yawan ruwan da ke zagayawa. Sai dai duk waɗannan suna magance rabin matsalar ne kawai, rabin da ya shafi datti, ba sa ƙara ko santimita ɗaya a filin da kifi zai yi iyo, ba sa kuma raba faɗa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tankin da aka cika bisa dogaro da na'ura ya zama rayuwarsa tana rataye a jikin wayar lantarki. Da zarar famfo ya tsaya, saman ruwa ya daina motsi, kifaye da bakteriya su ci gaba da jan oksijin ɗin da ba a mayar da shi, kuma lamarin ya fi muni da dare, lokacin da gansakuka da murjani suka daina samar da oksijin suka koma cinsa su ma. Tanki mai kifi kaɗan zai iya jure sa'o'i masu yawa, cikakken tanki kuwa cikin 'yan sa'o'i za a ga kifaye sun taso sama suna haki. Ga otal ko ofishi ko gidan da ke son irin wannan ado a Abuja ko Kano ko Yamai, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne kuma zafin bazara ke ƙara rage oksijin a ruwa, ya kamata a auna yawan kifi da mafi munin daren da tankin zai iya fuskanta, ba da ranar da komai ke aiki ba.

Kuɗi ma suna da bakin magana, domin babban tanki ba sayensa kaɗai ne nauyi ba. Tanki mai lita 700, idan aka haɗa ruwa da gilashi da duwatsu, nauyinsa ya doshi tan ɗaya, kuma canza kashi 10 cikin 100 na ruwansa, abin da ake yi kowane mako ɗaya ko biyu, yana cin gishirin haɗi na musamman kusan kilo 2.5 a kowane karo. Wanda ya ce zai sayi ƙaramin tang yau ya sauya masa babban gida baɗi, yawanci bai yi wannan lissafi ba, kuma kifin ba ya jiran albashi kafin ya girma. Ga shi kuma ɗawainiyar kifin ta dogon lokaci ce, domin rawayan tang na tsibiran Hawai, wanda ke kai santimita 20 kuma ake so a ba shi ruwan da ya kusa lita 400, yakan rayu fiye da shekara 30 a cikin teku.

Idan kifi ya fi ƙarfin gidansa, hanyoyin da suka rage ba su da yawa: shago ba kasafai yake karɓar babban kifi ba, manyan gidajen nuna kifi na jama'a kuma suna da nasu tsarin da ba ya barin su karɓi duk abin da aka kawo. Wasu sai su kai shi teku su saki, suna ganin tausayi suka yi. Kifin zaki, mai ƙayoyi masu dafi, wanda asalinsa na tekun Indiya da Pasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar jihar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga tankunan masu kiwo aka sake shi. Daga nan ya bazu a gaɓar gabashin Amurka da tekun Karebiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin, har jihar ta haramta shigo da shi da rai a 2014. A ɗaya ɓangaren kuma, wato inda ake kamo kifin, kotun ƙolin jihar Hawai ta dakatar da lasisin kamun kifin ado a 2017 har sai an binciki tasirinsa ga muhalli. An sami ci gaba wajen ƙyanƙyashe waɗannan kifaye a hannu, rawayan tang a Hawai a 2015, shuɗin kuma a wani ɗakin bincike na Jami'ar Fulorida a 2016, abin da ke rage matsi a kan teku, amma kifin da aka haifa a tanki girmansa ɗaya da wanda aka kamo, bukatarsa ta fili ma ɗaya ce.

Hukuncin da wannan sharhi ya tsaya a kai shi ne a fara da tanki sannan a zaɓi kifi, ba a fara da kifi ba. Mai niyyar saye ya binciki iyakar girman da kifin zai kai da yadda yake rayuwa a teku tun kafin ya biya kuɗi, ya riƙa ƙara kifi ɗaya bayan ɗaya da tazarar makonni yana gwada ruwa, ya kuma tanadi famfon iska mai aiki da batir. Duk mai sauraron da tankinsa bai kai tsawon santimita 180 ba, ya bar shuɗin tang a shago.